Abin da Zafi Yake Rubutawa a Kabon ɗin Ganye

A ɗauki ganyen alkama da ganyen masara da suka tsiro a fili ɗaya, suka sha ruwa ɗaya, suka shaƙi iska ɗaya. A busar da su, a niƙa, a ƙone garin a cikin na'urar da ke auna nauyin ƙwayoyin zarra. Lambobi biyu za su fito da ba su ko kusanci juna ba: ta alkama wajen -27, ta masara wajen -13. Ko a wace nahiya aka maimaita gwajin, tazarar nan tana nan daram. Tambayar da ta daɗe tana ba masana ciwon kai ita ce: idan aka reni alkamar nan a ɗaki mai sanyi, aka reni ƴar'uwarta a ɗaki mai zafi, lambar za ta motsa? Idan ta motsa, zafin ne ya motsa ta, ko wani abu ne da ya shigo a bayansa?

Kafin a je can, sai a san mece ce lambar. Kabon mai ɗorewa iri biyu ne a duniya. Kabon-12 shi ne kusan kashi 98.9 cikin ɗari, kabon-13 kuma kashi 1.1, kuma abin da ya raba su niwutiron ɗaya ne tak, wanda ya sa na biyun ya ɗan fi nauyi. Bambancin da ake nema tsakanin ganye da ganye ƙanƙane ne ainun, shi ya sa ake lissafa shi da kashi cikin dubu, alamarsa ‰, kuma ana gwada shi da wani ma'auni da kowa ya yarda da shi: ɓawon wata daɗaɗɗiyar halittar teku da aka tono daga duwatsun Pee Dee a jihar Karolina ta Kudu a Amurka. Asalin samfurin ya ƙare tuntuni, an maye gurbinsa da wani ma'auni da aka tsayar a birnin Biyana, amma sifilin bai canza ba. Ana rubuta lambar δ13C. Gwargwadon nisanta ƙasa da sifili, gwargwadon ƙarancin kabon mai nauyi a cikin abin da aka auna. Iskar CO2, wato iskar kabon da tsirrai ke shaƙa, a yau tana wajen -8.5‰. Kafin zamanin masana'antu tana wajen -6.5‰, sai ƙona kwal da man fetur, waɗanda su ma ragowar halittu ne masu ƙarancin kabon-13, ya yi ta jan ta ƙasa.

An gano rabuwar tsirrai gida biyu ne ta wata hanya ta bazata. Masu tantance shekarun kayan tarihi da kabon-14, wani nau'in kabon da ke raguwa da shuɗewar lokaci, sun lura cewa tsohuwar masara tana nuna ƙuruciya da kusan shekara 200 idan aka kwatanta ta da gawayin itacen da aka haƙo tare da ita. A 1968 Margaret Bender ta Jami'ar Wisconsin ta nuna cewa masara da danginta sun fi sauran tsirrai kabon-13. Shekara biyu kafin nan, a 1966, Hatch da Slack a Birisben ta Ostareliya sun fayyace wata hanya ta daban da rake ke bi wajen kama kabon. Da aka haɗa zance biyun sai komai ya zauna: hanyar da tsiro ke bi wajen haɗa abincinsa da hasken rana ita ce ke buga masa hatimi.

Mu fara da gida na farko, wanda masana ke kira C3, inda alkama, shinkafa, auduga, waken suya da kusan duk itatuwa suke. Iskar CO2 tana shiga ganye ta wasu ƴan ƙofofi da ido ba ya gani. Mai nauyin ya fi nawa wajen ratsa iska, don haka tun a bakin ƙofa an bar shi a baya da 4.4‰. A ciki kuma akwai enzayim, wato sinadarin da ke gudanar da wani aiki a jikin halitta, mai suna Rubisko, wanda shi ne ke kama kabon ya ɗaura shi a jikin sukari, kuma yana da tsananin zaɓe: yana ƙin mai nauyin da kusan 27‰ a cikin ganye mai rai. To amma zaɓe sai da wadata. Mai zaɓe a kwandon da ake ta cika masa zai ɗauki wanda ransa ke so ya bar saura. In aka daina cikawa, dole ya kwashi abin da ya rage, mai kyau da mara kyau. Haka Rubisko yake. Idan ƙofofin ganye a buɗe suke, iska na shiga tana fita, zai yi zaɓensa son ransa, ganyen ya fito da lamba mai zurfi kamar -30. Idan ƙofofin sun tsuke, sai ya haɗiye har da mai nauyin, lambar ta hau zuwa -24 ko sama da haka.

Graham Farquhar da Marion O'Leary da Joseph Berry ne suka mayar da wannan lissafi a 1982. Wariyar da ganye ke yi wa kabon-13 ita ce 4.4, a tara da 22.6 sau rabon CO2 na cikin ganye a kan na waje. Idan rabon 0.7 ne, wariyar ta kai wajen 20‰. Idan ya sauka zuwa 0.6, ta koma 18‰, kuma raguwar wariya na nufin hawan lambar ganye. Wato ɗan motsi na 0.1 a wannan rabo yana jan lambar ganye da fiye da 2‰. A duba lissafin da kyau, babu zafi a cikinsa ko kaɗan. Duk abin da zafi zai yi, sai dai ya aiko ɗan saƙo.

Babban ɗan saƙonsa shi ne ƙishirwar iska. Tururin da iska za ta iya ɗauka yana ƙaruwa da kusan kashi 7 cikin ɗari a kowane digiri ɗaya. A digiri 20 na Salshiyas matsin tururin da ke cika iska kilofaskal 2.3 ne, a digiri 30 ya kai 4.2, a digiri 40 ya haura 7. Iska mai zafi tana tsotsar ruwan ganye da ƙarfi, ganyen ya tsuke ƙofofinsa don kada ya bushe, CO2 na ciki ya ragu, lambar ta hau. Wanda ya gani daga nesa zai ce zafi ne ya yi aikin. Amma a sa tsiron a ɗakin gwaji, a ɗaga zafi, a ƙara laima yadda ƙishirwar iskar ba za ta canza ba, sai a ga mafi yawan motsin ya ɓace.

Ɗan saƙo na biyu ya fi kusa da zafin kansa. Rubisko yana da wata tsohuwar kasala: wani lokaci yakan kama iskar oksijin a madadin CO2, sai ganyen ya kashe ƙarfi wajen gyara ɓarnar, kuma a wajen gyaran ya saki wani kabon da ya riga ya kama. Ana kiran wannan numfashin cikin haske, kuma yana ƙaruwa da zafi saboda dalili biyu: Rubisko yana ƙara ruɗewa tsakanin iskokin biyu, sannan CO2 ya fi oksijin saurin rasa narkewa a ruwa mai ɗumi. Kabon ɗin da ake saki mara nauyi ne, don haka abin da ya rage a ganye yana ɗan ƙara nauyi. In aka buga lissafin da yawan CO2 na yau, tasirin yana wajen 1‰ a digiri 25, bai kai 2‰ ba a digiri 35. Ƙarin digiri goma cur, riba ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu.

Na uku kuwa jan igiyar yake yi ta ɗaya ɓangaren. Bayan CO2 ya wuce ƙofa, sai ya narke a ruwan bangon ƙwayar halitta, ya ratsa fatu kafin ya isa inda Rubisko yake. A wasu tsirrai wannan hanya tana ƙara sauƙi idan aka yi ɗumi, kwandon Rubisko ya ƙara cika, zaɓe ya ƙaru, lambar ta sauka. Susanne von Caemmerer da John Evans a Kanbera ta Ostareliya sun auna wannan a tsirrai da dama, suka ga a taba da auduga da waken suya sauƙin hanyar yana ninkawa biyu ko uku tsakanin digiri 15 da 40, a alkama kuwa da ƙyar yake motsi. Ke nan ko a cikin gidan C3 ba amsa ɗaya ba ce. Wani yana ja gaba, wani yana ja baya, kuma ƙarfin kowanne ya danganta da jinsin tsiron. Shi ya sa gwaje-gwajen ɗakunan reno suka sha ba da sakamako masu karo da juna, wannan ya ce lambar ta hau da zafi, wancan ya ce ta sauka, duk kuma da ƙanƙanin adadi. Ni ban ɗauki wannan a matsayin gazawar masu gwajin ba. Abin da ake aunawa ne saura bayan ƙarfi uku ko huɗu sun cinye juna.

Duwatsu sun ƙara dagula lissafin. Christian Körner da abokan aikinsa sun tattara ganyaye daga tsaunukan duniya a 1988, suka tarar da cewa yayin da ake hawa sama lambar tsirran C3 tana hawa, da kusan 1‰ a kowace kilomita. Sama kuwa sanyi ne. Ga shi a kwari zafi da bushewa suna ɗaga lambar, a ƙololuwa kuma sanyi yana tafiya da lamba mai tsawo. Ba a nan gizo ke saƙar ba: a kan tsauni matsin iska yana raguwa, oksijin yana raguwa tare da shi, ganyaye suna yin kauri suna tara naitirojin mai yawa a ɗan fili, sai su zuƙe CO2 na cikinsu fiye da ganyen ƙasa. Duk waɗannan suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da sanyin, raba su a fili aiki ne ja.

Wata dabara da ta burge ni ita ce ta masu bincike a arewacin ƙasar Sin. Sun bi layin da ruwan sama na shekara yake milimita 400, daga yanki mai sanyi zuwa mai ɗumi, suna tsinkar ganye, don ruwa ya tsaya wuri ɗaya zafi kaɗai ya canza. Abin da suka samu a tsirran C3 shi ne hawa na kusan 0.1‰ a kowane digiri. A gwada wannan da abin da ruwa ke yi. Tarin bayanan da Matthew Kohn ya fitar a 2010 ya nuna tsirran C3 sun bazu daga wajen -20‰ a hamada mai tsananin fari zuwa -37‰ a ƙarƙashin inuwar kurmi mai duhu, kuma ruwan sama ne babban mai jan ragamar. Manoman alkama ma ta wannan fuska suka ci moriyar ilimin: irin Drysdale da aka fitar a Ostareliya a 2002 an zaɓo shi ne da auna kabon-13, don a samu alkama mai tattalin ruwa.

Gidan C4, na masara da dawa da gero da rake, wani gini ne daban. Jinsunansu kusan kashi 3 cikin ɗari ne kawai na tsirran duniya, amma suna yin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na haɗa abincin da ake yi a doron ƙasa, kuma tsarin ya ɓullo da kansa fiye da sau 60 a dangogi daban-daban. A nan Rubisko ba shi ne a bakin ƙofa ba. CO2 yana fara zama bayikabonet a cikin ruwan ganye, wani enzayim mai suna PEPC ya kama shi, a kai shi wani ɗaki na ciki mai kaurin bango da ke kewaye da jijiyar ganye, a sake shi a can. Rubisko yana zaune a wannan ɗaki, an cika shi da CO2 har oksijin ba ya samun wurin shiga. Wannan ne ya sa zafi bai cika wahalar da su ba. Kuma tunda ɗakin kusan a rufe yake, zaɓen Rubisko ya zama na banza: abin da ya ƙi yanzu, shi zai ci anjima. Zaɓensa yana bayyana ne kawai gwargwadon yoyon ɗakin, wato kason CO2 da ke zurarewa waje, wanda yawanci yana tsakanin kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari.

Abin sha'awa, a nan ne zafi yake da hannu na kai tsaye. Idan CO2 da bayikabonet suka daidaita a ruwa, kabon mai nauyi ya fi taruwa a bayikabonet, kuma wannan fifiko yana raguwa da ɗumi, da kusan 0.1‰ a kowane digiri. Tsantsar kimiyyar sinadarai ce, ba ruwanta da rai. A digiri 25 jimillar matakin tana ba kabon-13 fifikon 5.7‰, a digiri 35 ya sauka zuwa wajen 4.6‰. Sai dai dole a ninka wannan da rabon CO2 na cikin ganye, wanda a tsirran C4 yake wajen 0.4, don haka digiri goma suna haifar da ƙasa da rabin kashi cikin dubu, kuma ta fuskar saukar lamba, akasin abin da ake yawan gani a C3. Ƙishirwar iska ma ba ta da wani kataɓus a nan. Lissafin da Farquhar ya yi wa C4 a 1983 ya nuna cewa idan yoyon ya kai wajen kashi ɗaya cikin uku, buɗe ƙofa da rufe ta duk ɗaya ne ga lambar. Idan bai kai haka ba, rufe ƙofa sai ya ɗan saukar da ita. Shi ya sa ganyen masara yake maƙale tsakanin -11 da -14 ko an yi sanyi ko an yi zafi, in dai ba inuwa ko matsanancin fari ne suka ƙara masa yoyo ba.

Gida na uku, CAM, shi ne inda tambayar take da daɗin amsawa. Abarba, alobera, agabe da kaktus suna da enzayim biyun duka a ƙwaya ɗaya, sai suka raba musu aiki da lokaci. Da dare, lokacin da iska ta yi sanyi ƙishirwarta ta ragu, suna buɗe ƙofofi, PEPC ya kama kabon, a adana shi a matsayin ruwan tsami na malik. Da rana su rufe ruf, su saki kabon ɗin a ciki Rubisko ya ci. Wanda ya ɗanɗana ganyen irin waɗannan tsirrai da asuba zai ji tsami, da yamma ya ji ya tafi. Amma da yawansu, idan akwai ruwa a ƙasa, sukan sake buɗe ƙofa da la'asar su shaƙi iska kai tsaye kamar kowane tsiron C3. Kabon ɗin dare yana ɗauke da hatimi irin na C4, na la'asar yana ɗauke da irin na C3, lambar ganyen kuma gaurayen biyun ce. Klaus Winter da Joseph Holtum sun nuna a 2002 cewa dangantakar kusan miƙaƙƙen layi ce, daga wajen -9‰ ga tsiron da duk kabonsa na dare ne zuwa wajen -27‰ ga wanda duk nasa na rana ne.

To a nan zafi yana da ta cewa, amma sai an tambaya: zafin wane lokaci? Dare mai sanyi-sanyi yana taimaka wa tara tsamin malik. Dare mai zafi yana ƙara numfashin tsiron, yana wahalar da riƙe tsamin a ma'ajiyarsa, yana kuma rage ribar buɗe ƙofa, sai kason dare ya ragu, lambar ta gangara wajen ta C3. Rana mai ƙuna kuwa tana hana buɗewar la'asar, ta tura lambar sama. Wurare biyu masu matsakaicin zafi iri ɗaya, ɗaya mai rana ƙuna da dare sanyi, ɗaya mai ɗumi dare da rana, za su iya ba da lambobi mabambanta a tsiro iri ɗaya. Akwai ma masu sauya sheƙa gaba ɗaya, irin su Mesembryanthemum crystallinum, wanda ke fara rayuwa a C3 sannan ya koma CAM idan gishiri ko fari ya matsa masa.

Duk abin da aka faɗa zuwa yanzu a kan ganye ɗaya ne. Idan aka ja baya aka dubi fili gaba ɗaya, sai hoton ya juye, zafi ya zama sarki. Ba ya buƙatar ya motsa lambar kowane tsiro da yawa, tunda shi ne ke yanke wanda zai zauna a wurin. A sanyi, aikin da C4 ke yi na tura CO2 zuwa ɗakin ciki asarar ƙarfi ne, ciyawar C3 ta fi shi. A zafi, numfashin cikin haske yana cinye ribar C3, C4 ya wuce gaba. Da yawan CO2 na ƙarshen ƙarni na 20, mahaɗar da biyun ke yin kunnen doki tana wajen digiri 22 na matsakaicin zafin watan da ciyawa ke girma. Teeri da Stowe sun nuna tun 1976 cewa yawan jinsunan ciyawar C4 a Amurka ta Arewa yana bin ƙarancin zafin watan Yuli sau da ƙafa. A Kenya, Larry Tieszen da abokan aikinsa sun ruwaito a 1979 cewa ƙasa da mita 2,000 kusan duk ciyawar C4 ce, sama da mita 3,000 kusan duk C3 ce. Tsakanin gidajen biyu akwai 14‰. Sauyin kashi goma cikin ɗari kacal a gaurayen ciyawa yana motsa lambar ƙasar wurin da 1.4‰, abin da ganyen C3 ɗaya zai buƙaci fiye da digiri goma kafin ya yi.

Wannan hatimi yana wucewa daga ciyawa zuwa ƙasa, zuwa ƙashi, zuwa haƙori. Da haƙoran dabbobin da suka mutu tuntuni Thure Cerling da abokan aikinsa suka nuna a 1997 cewa ciyawar C4 ta mamaye wurare da dama tsakanin shekara miliyan 8 zuwa miliyan 6 da suka wuce, kuma tsaunukan Siwalik na Pakistan suna cikin inda alamar ta fi fitowa sarai. Jarabar da ke nan a fili take: a ga lamba ta hau a tsohuwar laka, a ce ai lokacin zafi aka yi. Amma mahaɗar digiri 22 ba a kafe take ba, tana tafiya da yawan CO2 na sararin sama. Idan CO2 ya yi ƙaranci, Rubisko yana kama oksijin da yawa ko da a sanyi, sai C4 ya yi galaba a wuraren da yau ba zai iya ba. A tsakiyar zamanin ƙanƙara na ƙarshe, kimanin shekara 21,000 da suka wuce, CO2 ya sauka zuwa wajen kashi 180 zuwa 190 cikin miliyan, ƙasa da rabin na yau. Alayne Street-Perrott da abokan aikinta sun haƙo lakar ƙasan wani ƙaramin tafki a kan Dutsen Kenya, suka wallafa sakamakon a 1997. A sassan lakar da suka kwanta lokacin da dutsen ya fi kowane lokaci sanyi, itatuwa sun ja baya, ciyayi masu tsarin C4 sun ƙaru, kuma lambar kabon-13 ta hau sama sosai.